Allura da Laka

Cikin hula ya kawo ta,
Ƙasimu ɗan ƙanwata, daga Yagwa,
shekarar da ruwa ya ci musu ɗaki biyu da rumbu.
Ba jaka, ba takalmin kirki,
sai hula a ƙirji, hular tana huci.

Na ce, mene ne wannan?
Ya ce, Laka.
Iyakar maganarsa ke nan har magariba.

To gidan nan na Domayo da ma da mai shi.
Allura, bushiyar Tanimu,
shekara biyu tana mulkin gindin randa.
Ta san sawun kowa,
gyare ba ya kwana biyu a tsakar gidanmu.
Tanimu ya leƙa hula, ya dubi mai hula,
ya ja tabarmarsa can jikin bango.

Baba Sali majemi ya ajiye fatar da yake karta:
Kada ku haɗa su yau, kada ku haɗa su gobe.
Bushiya ba tunkiya ba ce, ba ta san garke ba.
Ku duba baƙuwar ko da kaska.
Sati biyu, kowacce da kwandonta.
Daga nan ku yi musu musayar tsumma,
hanci ya fara gaisawa kafin ido.
In mata ne da sauƙi. In maza ne ku haƙura.

Muka leƙa cikinsu. Mata ne.

Daren da aka sa wa Allura tsumman Laka
na fito da tocila.
Ta shinshina, ta tauna bakin ƙyallen,
ta tara kumfa, ta karya wuya tana shafe ƙayarta
har ta kife gefe kamar wadda jiri ya ɗiba.
Dariya ta kuɓuce wa yaro ɗaya a duhu.
Ɗayan ya yi tari.

A zaure muka haɗa su,
inda babu wadda ta taɓa yin fitsari.
Kasko biyu, dafaffen ƙwai an raba, gara a murfin gwangwani,
Tanimu riƙe da faifai don rabon faɗa.
Allura ta sauko da ƙayar goshi,
fuf, fuf, kamar an yayyafa wa dutsen guga ruwa.
Laka ta dunƙule.
Can ita ma mai gidan ta dunƙule.
Curi biyu a ƙasa, ba fuska, ba ƙafa,
mu uku a tsugune kamar masu duban wata.
Babur ya wuce. Aka kira lisha.
Babu wadda ta motsa.

Gobe ma haka. Jibi ma.
Rana ta biyar Allura ta kai cizo,
faifai ya shiga tsakani,
Ƙasimu ya sure tasa da hannu tsirara, tafinsa ya yi ɗige-ɗigen jini.
Ya ce zai mai da ita Yagwa.
Babu wanda ya tambaye shi wane ɗakin.
Tanimu ne ya ɗauko man kaɗanya, ya dire, ya fita.

Suna cewa baƙo raɓa ne.
Wannan raɓar ba ta da inda za ta koma in rana ta fito.

Ba zan ce sun zama aminai ba.
Har yau kowacce da kwandonta, kowacce da kaskonta,
in sun ci, baya da baya suke ci.
Sai dai ƙayar ta kwanta.
Wani dare na ga Laka ta taka Allura ta wuce,
Allura ta yi tsaki guda, ta ci gaba da tauna.

Baki biyu sun fi ƙarfin gyaren gidanmu,
yanzu sai an je farauta.
Bayan lisha yaran kan ɗauki gwangwani ɗaya
su nufi fitilar bakin gadar Kaliyawo,
su dawo suna musun wa ya fi kamawa.

Ɗazu da nake shara na auna:
tsakanin tabarma da tabarma saura taƙi ɗaya.
Hular kuwa na wanke ta sau uku,
har yanzu tana warin bushiya.
Yau a kansa take.